Jar Kuɓewar Inna Za Ta Koma Gida

Zuwa ga 'yata, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ku Kano lami lafiya, Ya tsare ki a hanyar Ringim, Ya sa ki shiga jami'a da ƙafar dama. Na san sai jirgi ya ɗaga za ki buɗe ta, don haka na ce ki yi, kuma ke mai jin magana ce idan kin ga dama.

Mahaifiyarki ta riga ta gama da ke a kan salla da ƙawaye da irin kayan da za ki sa, kuma abin da ta bari bai kai in tsaya a kansa ba. Ni zancen kuɓewa zan yi miki. Kada ki yi wannan murmushin naki, ki ce Baba ya fara.

A aljihun gefen jakarki akwai 'yar kwalba naɗe cikin safata. Kin san abin da ke ciki, tunda da hannunki kika ɓare shi. Irin jar kuɓewar Inna ne, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, shi ya sa har yau bakina bai iya kiran sunanki na yanka ba. Kin kuma ji da kunnenki ranar da Gwaggonki Hassu ta kira ni cikin sanyin bana ta ce irin ya ƙare a gida. Nata ƙwari sun cinye shi a leda, ta zaga dangi da maƙwabta kowa ya ce ai yanzu na kasuwa ake saye. Wato duk abin da ya rage na kuɓewar da Inna ta gada wajen tata uwar, shi ne ɗan abin da ke hannuna a nan Dubai, garin da ko ciyawa sai an ja mata tiyo. Ranar na ji tsoro ƙwarai, ban dai nuna muku ba. Abin da ba ki sani ba shi ne sau nawa ubanki ya kusa hallaka wannan iri da hannunsa, kuma kowane karo yana ganin shi gwani ne. Zan faɗa miki su, don kada ki sake biyan abin da na riga na biya.

Da zan taho da ku nan kina goye, Inna ta ƙulle mini irin a bakin wani tsohon ɗankwali. Ta ce, "Ka shuka ko a kwano ne. Miyar can ba za ta yi maka yauƙi ba." Muka sauka a ɗan gidanmu na bene a Al Khabaisi, baranda ba ta fi tabarma biyu ba. Na sayi tukwanen roba da ƙasar buhu, na jera su, sannan na zauna jira. Jiran me? Jiran damina. Ni ɗan manomi ne, jikan manomi, a jinina yake cewa idan zafi ya tsananta to ruwa na tafe. Watan Maris ya wuce ina ganin maƙwabta suna ta hidima da tukwanensu, ina yi musu kallon marasa haƙuri. Sai ƙarshen Mayu, da zafi ya kai inda a gida za a ce hadari ya kusa, na yi binne kamar yadda muke yi, na ɗan yayyafa ruwa don in taimaka wa sama. Ta tsiro kuwa, gwanin sha'awa. Ba a jima ba iskar Yuni ta taso, wadda idan ta buge ka sai ka ce murhu aka buɗe. Na dawo daga ofis na tarar da tsiron kwance kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Mahaifiyarki ta leƙo ta ce, "Malam manomi, ko a fita roƙon ruwa ne?" Rabin ƙullin Inna ya tafi a wannan shekarar.

To Mamana, duk inda kika sauka, ki fara tambayar lokacin wurin kafin ki kwance abin da kika zo da shi. Abin da kika sani gaskiya ne, amma gaskiyar wani wuri ce. Wannan gargaɗi ya fi shafar ki fiye da kowa, domin kuskurena za ki yi a juye idan ba ki kula ba. Ke kin tashi kin san idan zafi ya matso sai a kafa rumfa, a tattara, a rufe lambu. A Ringim lokacin ne ake sharar gona, ana kai taki, ana duban gabas. Idan kin ga Gwaggonki ta yi abin da ya saɓa wa abin da na koya miki, ita ke da gaskiya. Haka a makaranta, haka a cikin dangi. Ki yi shiru ki duba tukuna, kada ki buɗe baki da "a Dubai kuwa".

Shekara ta zagayo na ce na gane, ashe ban gama ba. Tunda zafi ne ya kashe ta, sai na gudu can cikin sanyi, na shuka ta a Disamba tare da tumatir da latas. Tumatir ya yi murna. Kuɓewa ta fito ta tsaya cak, tsawon ɗan yatsa, ganye rawaya, kamar yaron da aka tasa makaranta bai karya ba. Sai daga baya na lura da kaina cewa tana motsawa ne idan sanyi ya fara janyewa, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, ɗan tsakanin nan da nake kira bazara don ba ni da wani sunan da zan ba shi. Wanda ya ƙone sau ɗaya yakan yi gudun da ya wuce gida. Idan abu ya ɓaci miki, ki gyara daidai inda ya ɓaci, kada ki ce kin daina gaba ɗaya.

Sai maganar filinmu na Muhaisnah. Kin san shi tun kina bin bayana da ɗan bokitinki, amma ba ki san yadda aka fara ba. Kamfanin jigilar kayan da nake wa aiki yana da sito a can, bayansa akwai fili da famfo, mai wurin ya ce duk ma'aikacin da ke so ya yanki inda zai shuka ganye. Ni da Baba Fuseini direba, mutumin Zangon Kumasi, muka yanki namu kusa da juna. Na sa aka kawo mini galma daga gida cikin kwantena, ranar hutu na tuɓe riga na tayar da kunyoyi miƙaƙƙu, irin waɗanda da mahaifina zai gani da ya sa mini albarka. Shi kuma Fuseini ya tara tulin ƙasa zai sa doya. 'Yan Indiya da 'yan Bangaladash da ke da nasu fili a gefe suka tsaya suna kallonmu, mu kuwa muna ɗauka sha'awa ce. Fuseini har yana ce mini, "Bar su, habibi, yau za su ga noma." Aka ga noma kuwa. Ƙasar rairayi ce zalla. Ina zuba ruwa a kan kunya yana gangarewa kwari, abin da ya rage rana ta shanye kafin azahar, ga wani farin gishiri da ya fito ya kwanta a ƙoƙon kowace kunya, daidai inda na sa irin. Doyar Fuseini kuwa ta dahu a cikin ƙasa ba tare da an hura wuta ba. Ya tono ta ya shinshina ya ce, "Khalas, shi ke nan, saura manja."

Abin haushin shi ne na san fangali. Na yi lambun rani da ƙuruciya a bakin kogi, na san inda ruwa ke da tsada ana nutsar da wurin shuka ne, a yi masa baki, ruwa ya zauna. Amma kunya ta fi kyan gani, kuma ina son a san ɗan wane ne ni. Ki kiyayi aikin da kike yi don a gani. Ki tambayi kanki me abin yake bukata, ko da amsar ba za ta burge kowa ba.

Na koma fangali, abu ya fara kyau, sai son zuciya ya shigo ta wata ƙofa. Na samo takin awaki ɗanye daga wajen masu sayar da dabbobi, mai ɗumi, na tula wa kowane gindi don ƙauna. Cikin 'yan kwanaki bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da ashana. Taki sai ya kwana biyu ya ruɓe ya huce, ki murza shi a hannu ki ji ba wari, sannan a gauraya shi da ƙasa kafin shuka. Na yi wannan kuskuren a kanki ma, shekarar da na cika ki da malaman ƙarin karatu har kika daina dariya a gida, sai da mahaifiyarki ta taka mini birki. Idan kina son mutum, ki ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na tsumma. Inna tana da al'ada: kuɓewar farko da ta fi kyau a kowane gindi ba a cin ta. Sai ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaura mata, kowa a gidan ya san wannan ta iri ce, ko yunwa za ta kashe ka ba ka taɓa ta. Ni na ga abin kamar tsohon yayi. Na ce ai na san waɗanda na zaɓa, suna cikin kaina. Wata Juma'a na dawo masallaci na tarar da tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, na ci na yi ƙari, ina ta zuba wa mahaifiyarki kirari. Da na fita baranda na ga an girbe tukwanen tas. Na dawo ina sababi, ta dube ni ta ce, "Baban Mamana, ka faɗa mini? Ka sa alama? Ko so kake in shiga kanka in karanta?" Ga miyar kuwa a cikina. A shekarar ce kuma Inna ta rasu, babu sauran damar in kira ta in ce ta ƙullo mini wani. Da kyar na sami 'yan tsirarun da suka fito a makare na tsira da su. Tun ranar nake ɗaura tsumma, kuma daga ɗankwalin nan nata nake yagowa.

Abin da yake da muhimmanci a wurinki, ki sa masa alama, ki faɗe shi da baki tun kafin a taɓa. Lokacin karatunki, mutuncinki, abin da ba za ki yarda da shi ba. Kada ki bar shi a cikin kai sannan ki yi fushi da mutane don ba su gani ba. Kuma abu mafi kyau da ya fara zuwa hannunki, ki koyi ajiye shi don gaba.

Yanzu bari in zo kan bana, ko da yake kina wurin, don ina son ki ji yadda abin ya kasance a idona. Bayan wayar Gwaggonki na zazzage kwalbata a faranti, abin da ke ciki bai cika cokali ba, wani ma ya tsufa. Na raba biyu, rabi baranda, rabi fili. Kin tuna hidimar da muka sha da sanyi ya fara janyewa. Muka tumɓuke tumatirin da ya gama haihuwa, muka kwashe latas ɗin da ya yi tsawo ya yi ɗaci. Muka cika fangali da ruwa har sau da yawa don ya wanke gishiri ya tura shi ƙasa. Muka juye ruɓaɓɓen taki, muka bi tiyo muna zare ƙasar da ta toshe hudojinsa da allura. Kika jiƙa irin ya kwana a ruwa, muka shuka da Bismillah. Da ya fito muka rage masu rauni, muka rufe gindin sauran da busasshiyar ciyawa, muka ɗinke koren ragar rumfa inda ta yage bara. A gida kuma kika wanke tukwane, kika sauya ƙasar sama, kika sa bokiti yana tarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, tunda shi ba gishiri.

Na barandar suka fara ba mu kunya. Ƙananan fararen ƙwarin nan suka sauka a bayan ganye, muka daka ganyen darbejiya muka fesa, muka sake fesawa, amma sun riga mu. Ganyen ya nannaɗe, furen ya zube. Saura na fili kaɗai.

Sai ga ruwan sama. Mamana, ruwan da na zauna jira a baranda kina goye, sai bana ya ga damar zuwa, lokacin da kuɓewa ta fara huda. Tun safe aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina ofis ina kallon titi ya zama kogi, sai na tuna fangali rami ne, an yi shi ne don ya riƙe ruwa, ga kuma duk ruwan rufin sito can yake kwarara. Na kira ki, kafin in gama magana kika ce, "Baba, na riga na sa takalmi." Yadda muka kai Muhaisnah a ranar, Allah kaɗai Ya sani. Muka tarar da ruwa ya kai wuyan shukar, ganye kawai ke leƙe. Fuseini na tsaye da leda a ka, ya ce, "Alhaji, wannan kam sai haƙuri."

Ni kuwa na shiga sito na jawo galmar nan da ta yi shekaru tana tsatsa a bayan ƙofa, wadda kowa ke yi mini dariya a kanta. Na ja kwari daga bakin fangali zuwa gangaren bayan katanga, na tayar da kunya ta tare ruwan rufi, irin miƙaƙƙiyar nan ta gidanmu. Ke kina bina kina tara ƙasa a gindin kowace shuka da hannu, hijabinki ya yi sharkaf, Fuseini yana kwalfa da bokiti yana cewa, "Yalla, yalla, maza-maza." Bayana ya riƙe, numfashina ya yi sama, ban tsaya ba. Can sai na ji ruwan ya sami hanya, ya fara bin kwarin da gudu, gindin kuɓewa yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabtan da suka taɓa tsayawa kallonmu suka zo aron galma, na bi filayensu na ja musu su ma. Ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na ranar ba. Fuseini ya dafa ni ya ce, "To, yau dai an ga noma."

Don haka abin da kika zo da shi daga gida, idan bai yi amfani yau ba, kada ki jefar. Ki jingine shi a bayan ƙofa. Larabcinki, Turancinki, yadda kika iya zama da mutanen ƙasashe iri-iri, wataƙila a fara yi miki dariya a kansu. Ranarsu na zuwa.

Wasu gindin sun ruɓe duk da haka, amma waɗanda suka tsaya sun tsaya da ƙarfinsu. Da rana ta fara zafi muka ja rumfa. Ranar da na ga kuɓewar farko, ja wur kamar an shafa mata lalle, na tsuguna a gabanta na yi hamdala, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye. Ɗankwalin Inna saura ɗan ƙyalle, na miƙa miki na ce ki yaga ki ɗaura da kanki. Muka bar su a jikin uwarsu har suka bushe suka fara tsagewa, idan an girgiza suna kaɗa kamar caki. Abin da bai cika cokali ba, sai da ya cika kwalba biyu. Mun ci nasara, Mamana. Ni da ke da wani direba daga Kumasi, a bayan sito, cikin rairayi, mun riƙe abin da garinmu guda ya saki.

Ga abin da nake so ki yi. Idan an tambaye ki a filin jirgi, ki fito da kwalbar ki ce irin kuɓewa ne, kada ki ɓoye, kada ki yi ƙarya. Ko da an karɓe, ɗayar kwalbar tana nan wurina, sai mu bi hanyar da suka ce a bi. Tokar da kika gani a ciki ni na zuba, ita ke hana ƙwari, kada ki ga datti ki wanke. Kada ki mayar da shi leda, kada ki bar shi inda rana ke bugu. Idan kin isa ki ba Gwaggonki a hannu, amma ki ce na ce kada ta shuka duka, kuma kada ta riƙe ita kaɗai. Ta ɗiba wa duk matar da ke da bayan ɗaki a cikin dangi. Ki bari ruwa ya zauna sosai, ita za ta gaya miki lokacin. A can kunya za ku yi, kuma ina so ki karɓi fartanyar ko sau ɗaya ne, ko da za su yi miki dariya. Za su yi.

Wurin da Inna take shuka tata yana nan, bayan ɗakinta, gefen da ruwan indararo ke zuba. Gwaggonki ta ce tun rasuwarta ba a sake sa komai a wurin ba. A nan nake so ki fara sa naki. A ƙasan kwalbar, ƙarƙashin tokar, za ki ga ragowar ƙyallen, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Shi ke nan abin da ya saura na ɗankwalin. Na so in riƙe shi, na ɗauka na mayar ya fi a ƙirga, daga ƙarshe na ga ba nawa ba ne. Idan ta farko ta fito, ki ɗaura mata.

Baranda za ta yi mini faɗi bana, kuma ban san wa zan riƙa yi wa faɗa a kan ya bar famfo a buɗe ba. Amma ban taɓa aika wani abu gida da alfahari irin na yau ba. Inna ta ba ni ƙulli ɗaya da goyo ɗaya ta ce in kula da su, ga shi na mayar mata da duka biyun, kuma kowanne ya fi yadda ta ba ni.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na dare da na rana. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya ba ku damina mai albarka. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki safar da na naɗe kwalbar da ita wankakkiya ce. Baba Fuseini ma yana gaisuwa.

Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki